Ganyen murtsunguwa abinci ne, a daina kiransa maganin suga

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan faffaɗan ganyen murtsunguwar nan mai ƙaya da mutanen Meziko ke kira nopal, wanda ake ta turawa a WhatsApp wai shi ne maganin komai.

Abinci ne mai kyau kam, ba musu. Mutanen Meziko har a tutarsu suka sa shi, gaggafa ta sauka a kai da maciji a baki, kuma tun kaka da kakanni suke kankare ƙayar su gasa ko su dafa su ci. Fiye da kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, giram 100 ɗanye kalori wajen 16 ne kacal, ga kalsiyam da magnesiyam da fotasiyam da ɗan bitamin C, sannan akwai sinadaran nan masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa irin su kwasetin da kamferol. Yauƙin ganyen da wasu ke yatsine fuska a kansa ma shi ne ke rage saurin shigar suga cikin jini bayan an ci abinci. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da littafi sukutum a kan shukar a 2017, saboda tana rayuwa inda fari ya kashe sauran amfanin gona.

To amma fa masu tallar ba sa faɗin sauran zancen. Kalsiyam ɗin da suke kurantawa, da yawansa a ɗaure yake da wani sinadari da ke cikin ganyen mai suna okzalet, jiki ba ya iya tsotsarsa duka, in kuma aka tafasa ganyen ya yi lugub aka zubar da ruwan to bitamin C ɗin ya bi ruwa. Abin da ya fi damuna shi ne mai ciwon suga ya ajiye ƙwayoyinsa don ya samu ganye, ko ya haɗa su biyun bai gaya wa likita ba har sugansa ya faɗi ƙasa.

Sannan Malam Edita a ja kunnen mutane, ba duk mai ƙaya ne nopal ba. Akwai shuke-shuke masu kama da shi sak, in ka karya sai farin ruwa kamar nono ya fito, wannan dafi ne, ko ido ya taɓa sai an kwana ana kuka.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
wani mai karatu