Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya da sauran 'yan'uwa masu sana'ar fito da kaya.

Kusan duk aikin kwamitin zartarwa a bana ya tafi ne kan sauyin manhajar kwastan. Tun a watan Oktoba na 2024 Hukumar Kwastan ta Najeriya, ƙarƙashin Kwanturola Janar Bashir Adewale Adeniyi, ta fara gwajin sabuwar manhajarta mai suna B'Odogwu a tashar jiragen ruwa ta PTML da ke Legas, a 2025 kuma ta yaɗa ta zuwa sauran ofisoshinta domin ta maye gurbin tsohuwar manhajar NICIS II. Dattawanmu da suka yi zamanin ASYCUDA, wata manhajar kwastan ta can baya, sun san cewa duk ranar da aka sauya manhaja sai ejan ya koma ɗalibi.

Saboda haka muka fara da bita. Mun tara yaran ofisoshin mambobi aka koya musu rajista, da shigar da bayanin kaya, da bin sawun Form M (takardar neman shigo da kaya) da PAAR (rahoton ƙiyasin kwastan kafin isowar kaya). A nan muka ga cewa yawancin kurakurai daga lambar rukunin kaya suke tasowa. Yaro ya sa wa yadi lambar da ba tasa ba, na'ura ta tsayar da takarda, mai kaya a Kantin Kwari ya yi ta buga waya yana zargin ejan da wasa da dukiyarsa.

Babban aikinmu shi ne littafin lokaci da muka buɗe. Hukuma takan auna nasararta da kuɗin da ta tara, ta kuma sanar da tara sama da naira tiriliyan 6 a 2024. Wannan ma'auni ne na gwamnati. Namu ma'aunin shi ne kwana nawa kwantena ke yi daga saukarta daga jirgi zuwa fitarta ƙofar tasha, domin kowace rana ana lissafa wa mai kaya kuɗin kwana. Ita kanta hukumar ta ƙaddamar da irin wannan nazari a tashar Tin Can a farkon 2024 tare da Hukumar Kwastan ta Duniya. Sai muka roƙi kowane mamba ya riƙa rubuta ranar da ya shigar da bayani, ranar da ya biya kuɗin fito, ranar da aka duba kaya, da ranar da mota ta fita.

Abin da littafin ya nuna ya kamata a faɗe shi da adalci. Idan sabis na nan, takardu kuma sun cika, lissafin kuɗin fito na fita da wuri, yawo da fayil daga tebur zuwa tebur ya ragu sosai. Jinkirin ya koma wuraren da manhaja ke haɗuwa da wasu. Wani mambanmu ya biya kuɗi a wani banki ranar Alhamis, rasit na hannunsa, amma biyan bai bayyana a kwamfuta ba sai Litinin, kwantena tana zaune kuɗi na hawa. Ga duba kaya da hannu, inda ake sauke katan-katan a ƙasa ana ƙirgawa. A ganinmu, muddin ba a yawaita amfani da na'urar sikana ba, saurin manhaja ba zai kai ga aljihun ɗan kasuwa ba.

Mun kuma bi batun harajin kashi 4 cikin ɗari na darajar kaya, wanda aka fara a watan Fabrairu aka dakatar, ya dawo a Agusta, Ministan Kuɗi Wale Edun ya ba da umarnin dakatar da shi a Satumba. Mun riƙa sanar da ku kowane sauyi ta zaurenmu na WhatsApp.

Inda muka gaza shi ne cika littafin. Mambobin da ke aiki a tashar tsandauri ta Dala da filin jirgin Malam Aminu Kano sun yi ƙoƙari, amma daga Jibiya da Maigatari bayanai kaɗan suka zo. Ba za mu iya zama gaban jami'ai da ƙorafin baki kawai ba. Don Allah wanda bai miƙa nasa ba ya kai wa sakatare kafin taron watan Janairu, domin a haɗa su cikin takardar da za mu gabatar.

Wassalam,
Kwamitin Zartarwa