Wasiƙar Godiya Ga Masu Waldar Da Suka Gyara Mana Tankin Ruwa A Sharaɗa

Zuwa ga Shugaba da ɗaukacin ma'aikatan masana'anta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto a madadin ƙaramin kamfaninmu na ruwan leda da ke Kano domin in gode muku a bainar jama'a bisa aikin haɗa tankin ajiyar ruwanmu da ƙafafunsa, aikin da mai kallo zai ɗauka ba shi da wuya, alhali a nan ne masu walda da yawa suke kasawa.

Tankin na sitenles ne mai lamba 304, domin ƙarfen da ba ya tsatsa ake so ya taɓa ruwan da jama'a za su sha, ƙafafun kuwa na baƙin ƙarfe ne saboda ya fi araha kuma yana ɗaukar nauyi. Wanda ya fara yi mana aikin ya liƙa su da sandar walda 6013, irin wadda ake yin ƙofa da taga da ita, ba a jima ba wurin ya tsage, tsatsa ta bi jikin tankin.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne ba ka yi gaggawar kunna inji ba, sai da ka zaunar da mu ka bayyana mana dalilin tsagewar. Ka ce idan ƙarafan biyu suka narke suka cakuɗa, baƙin ƙarfe yana tsinka sinadaran kuromiyam da nikel da ke cikin sitenles, kuma idan sandar ba ta ƙaro su ba, abin da zai daskare a tsakani yakan yi tauri ƙwarai ya rasa danƙo, har nauyin ruwa da girgizar famfo su fasa shi. Shi 304 yana da kusan kashi 18 cikin 100 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, ita kuwa sanda 309L da kuka zaɓa tana da kusan kashi 23 da kashi 13, saboda haka ko an tsinka ta, abin da ya rage ya isa ya riƙe haɗin. Har 308 ma, wadda ake haɗa sitenles da sitenles da ita, kun ƙi amfani da ita a wannan wuri duk da tana hannunku kuma ta fi sauƙin kuɗi. Da kun sa ta, babu wanda zai gane a cikinmu, kuma wannan riƙon amana shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kun kuma kawo dabarar da ba mu nema ba, wato kun fara liƙa faifan sitenles mai kauri a jikin tankin, sannan kuka haɗa ƙafar a kan faifan, ta yadda baƙin ƙarfe bai taɓa bangon da ruwa yake ciki ba. Na lura ma'aikatanku sun rage ƙarfin wuta, suna yin walda kaɗan-kaɗan suna barin wurin ya huce, kuma da na tambaya aka ce mini sitenles ya fi baƙin ƙarfe buɗewa da kusan rabi idan ya ji zafi, ga shi ba ya saurin watsa zafin, don haka mai gaggawa sai ya lanƙwasa tanki. Dutsen gurza da buroshin da suka taɓa baƙin ƙarfe ma ba a bari sun kusanci sitenles ba, domin ɓarɓashin da suke bari shi ke tsiro da tsatsa daga baya. Da aka gama, an fesa jan ruwan gwaji an duba ko akwai tsaga, sannan aka shafe ƙafafun da fenti har ya rufe bakin haɗin, saboda inda ƙarafan biyu suka haɗu da danshi, baƙin ƙarfe ne yake saurin cinyewa.

Kuɗinku ya ɗara na sauran da muka taya, amma kun rubuta mana shi dalla-dalla, kuma ba ku ƙara ko sisi ba bayan an fara aiki. Ina kuma yaba yadda kuke hana yaran da ke koyon sana'a tsayawa a cikin hayaƙi, ganin cewa hayaƙin waldar sitenles yana cutar da huhu.

Tankin yana aiki lafiya, babu yoyo babu tsatsa, kuma mun yanke shawarar ku za mu ba aikin tanki na biyu idan Allah Ya kai mu bayan damina. Allah Ya ƙara wa sana'arku albarka, Ya saka muku da alheri.

Naku,
Manajan kamfanin ruwan leda, Kano