Godiya ga Usta da yaransa a Mantiƙa, unguwar gareji ta Gadarif, da suka tayar da mitar gudun tsohuwar Sifinja

Assalamu alaikum Usta, da yaran gareji baki ɗaya.

Na rubuto wannan takarda a fili ne domin 'yan'uwa masu lori na nan Gadarif, da na Kasala da Mai Wurno, su ji irin aikin da kuka yi. Ban sa sunan garejin ba saboda na san Usta ba mai son a buga masa ganga ba ne.

Duk mai tsohuwar Bedford TJ, wadda muke kira Sifinja, ya san mitar gudu ce ke fara mutuwa, kuma ita ake bari ƙarshe wajen gyara. Tun 1958 aka soma ƙera motar nan a Ingila, Bedford kuwa ya bar ƙera lori kafin ƙarshen shekarun 1980, don haka kayanta na asali galibi sai na kwance. Wasu na cewa mita ado ce. Ba ado ba ce ga wanda ke lissafin jaz, wato man dizal, da direba a hanyar Bur Sudan lokacin kakar riɗi da dawa, ko mai son ya san ranar juye baƙin mai ba da ka ba.

Kafin motar ta iso hannunku, sau uku aka sa mata sabon kebul, wanda ke haɗa giya da mita, a wasu wurare, sau uku yana tsinkewa. Maganar ɗaya ce ko'ina: kebul ne, kawo kuɗi. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ke kashe shi. A gareji na uku ma cewa aka yi kayan yanzu ne ba su da ƙarko, a yi haƙuri.

Abin da ya ba ni mamaki, Usta, shi ne ba ka bari an taɓa sifana ba sai da ka yi tambaya biyu: kafin ta mutu, allurar tana rawa ne ko faɗuwa ta yi lokaci guda? Lambobin nisa sun ci gaba da juyawa ko sun tsaya tare da ita? Ma'anar tambayar ita ce, in lambobi na tafiya allura ta kwanta, ciwon yana cikin kan mitar. In duka biyu sun tsaya, a nemi kebul ko haƙoran giya. Rawar allura kuwa alamar zaren cikin kebul ne da ya lanƙwashe, ko ya bushe, ko haƙoran da ke zamewa.

Daga nan aka kwance kebul ta wajen giya, aka zare zaren ciki daga rigarsa. Ya fito jiƙe da man giya har ƙarshensa na sama, ya tsinke kusa da bakinsa mai kusurwa huɗu, a murɗe kamar igiya. Zare ba ya murɗewa haka sai in abin da yake juyawa ya cije. Aka ciro kan mitar, aka sa guntun tsohon zare a bakinsa, aka gwada da yatsa: da ƙyar yake motsi. Ashe ƙaramin sil na man da ke jikin haƙorin mita, wanda ke juya zaren daga giya, ya mutu. Zaren kuwa a naɗe yake, in yana juyawa sai ya riƙa jan mai zuwa sama, man ya shiga kan mitar, ya haɗu da ƙurar Gadarif ya zama kamar ƙaro. Ko kebul goma aka sa, haka zai cinye su.

A nan ne nake so in yaba wa ƙaramin yaron nan naka, wanda ba ya yawan magana. Shi ya hau kan giyar ba tare da an ce ya yi ba, ya duba 'yar kafar da giya ke shaƙar iska, ya same ta toshe da laka. In ta toshe, mai ya yi zafi, iska ta rasa mafita, dole ta tura man ta wurin da ya fi rauni, wato wannan sil ɗin. Da an sa sabo an bar kafar a toshe, da bai kai ƙarshen kaka ba. Shi ya wanke kan mitar da kananzir a tsanake, bai taɓa siririn sifirin allura ba, ya ɗiga ɗigo ɗaya na mai marar kauri a bushin maganaɗisu. Da aka juya shi da diril ta baya, allura ta tashi lafiya lau, ba tsalle. Allah Ya yi wa yaron nan albarka, ka riƙe shi da kyau.

Shi kuwa haƙorin mita, ƙaramin da ke shiga gefen giya ta baya, tsakiyar haƙoransa ta cinye saboda wahalar da ya sha. Kun samo wani daga giyar da aka kwance, kuma kun ƙirga haƙoran a gabana, kun duba karkatarsu ta zo ɗaya da ta tsohon. Mutane na raina wannan ƙirga. In na asali 16 ne aka sa mai 17, mita za ta rage kusan kashi 6 cikin 100, a gudu da nisa duka. In karkatar ta saɓa kuwa, ba zai ma zauna daidai ba, cikin kwanaki zai niƙe.

Sannan aka sa weji a tayu, aka sauke furofela, aka duba babban notin da ke riƙe farantin bayan giya. A wannan giyar, kamar a tsofaffin giyoyin Ingila da yawa, matsin notin nan ne kaɗai ke riƙe zoben haƙoran da ke juya na mita. In ya saki, zoben na zamewa a kan shaf, allura ta riƙa faɗuwa tana tashi. An same shi ya ɗan saki, aka ɗaure, aka kulle shi.

Sa kebul ɗin bai ɗauki lokaci ba, amma ga abin da na ga an kiyaye. An kama bakin zaren biyu, aka yi masa baka, aka murza: ya juya sumul, ba fizga. An shafa giris kaɗan, ba baƙin mai ba, aka goge wajen santimita 20 na sama don kada ya hau cikin mita. Bakin zaren ya leƙo kusan milimita 10 daga riga ta wajen mita. In ya wuce haka, da an ɗaure zai danne cikin kan. Ba a bari ya yi kwana mai tsanani ba, kowace kwana an ba ta faɗin aƙalla santimita 15 daga tsakiya, an nisanta shi da salansa, an ɗaure shi a shasi ba tare da an matse rigar ba. Notocin bakinsa da hannu aka ɗaure, ba da filaya ba.

Na zaci an gama, sai Usta ya sa aka auna mita 16.1 a ƙasa, wato kashi ɗaya cikin ɗari na mil. Aka maƙala ɗan kwali a bakin zaren, aka tura motar, aka ƙirga juyinsa, aka ninka sau 100, aka gwada da lambar juyin zare a mil ɗaya da ke rubuce ƙanana a ƙasan fuskar mita. Mai mitar kilomita sai ya auna mita 10. Lissafin ya nuna ragi na kusan kashi 5 cikin 100, domin tayun da ke kan motar 9.00-20 ne, an kuwa saita mitar da 8.25-20. Ba ka ɓoye ba, Usta. Ka ce in allura ta nuna 40, motar na kan 42, ka sa aka rubuta a jikin das don direba.

Abin takaici, irin wannan aiki ya zama abin mamaki. Shiga tasha ka leƙa lori goma, ka ga nawa ne allurarsu ke motsi. Bakanike ya zama ɗan kasuwa, ya fi son a canja da a gano ciwo. Masu kayan gyara su miƙo maka kebul ɗaya su ce yana shiga kowace mota, alhali tsawo ya bambanta, noti ya bambanta, kaurin bakin ma ya bambanta. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 kaya suka yi wuya, gaskiya ne, amma ƙirga haƙori da buɗe kafar iska ba sa jiran jirgin ruwa. Mu masu motoci ma da namu laifin, don mu ne ke tsaye a kan bakanike muna cewa yi sauri, lodi na jira.

An miƙo mini tsohon haƙorin da mataccen sil a leda, abin da ban taɓa gani an yi a Mantiƙa ba. Kamar yadda ka ce, motar za ta dawo bayan kilomita 500 a sake duba notin da bakin kebul ko mai na tsatsa. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara buɗi, a gaida yara.

Ɗan'uwanku mai lori,
Gadarif.