Wasiƙa Zuwa Ga Abokina Da Ke Kumasi

Assalamu alaikum mutumina, ya Kumasi, ya amarya? Nasan kana fushi dani ban zo ɗaurin aure ba, wallahi ina kwance ne, gwiwata ta dama ta kumbura tayi sumtum ko banɗaki sai ƙanina ya riƙe ni.

Abun ya faro ne daga wata shinkafa da kaza da naci a tasha, kwana 4 ina gudawa, ta tsaya na ma manta da ita. Bayan kamar sati 3 sai gwiwa, sai agarar ƙafar hagu, idona yayi jajir kamar apolo, ga zafin fitsari. Hajiya tace sanyi ne aka dinga dafa min saiwoyi, gwaggo kuma ta rantse jifa ne, ka santa dai.

Da naje asibiti tambayar farko da likita yayi min ita ce ko nayi gudawa kwanan baya, nace to ina ruwan ciki da gwiwa? Daga nan ya sassauta murya wai ko ina neman mata, don ciwon sanyi na kilamidiya ma yana jawo shi. Ni da ko budurwar kirki bani da ita! Ya zuƙi ruwan gwiwar da sirinji aka auna ba ƙwayar cuta ko ɗaya. Yace amosanin gaɓɓai ne mai biyo bayan wata cuta, ƙwayoyi irin su salmonela da shigela suna shiga hanji, garkuwar jiki ta taso musu, sun tafi amma ita bata sauka ba sai ta koma kan gaɓoɓin mutum. Ya fi kama maza ƴan shekara 20 zuwa 40, kuma ba a ɗaukarsa wajen wani, wannan ne ya kwantar ma Hajiya hankali don har ta ware min kofi.

Yanzu ibuprofen nake sha bayan cin abinci da maganin ɗigawa a ido, yace yawanci yana lafawa cikin wata 3 zuwa shekara, in yaƙi akwai wani magani sulfasalazine. Abinda yafi damuna sallah, akan kujera nake yi a gefen sahu tare da tsofaffin unguwa suna ta tsokanata wai na riga su tsufa.

Da safe jikin a sanƙare yake sai na ɗan tattaka yake sakewa. Gudummawarka na nan ban cinye ba, turo min lambar akawun. Ka gaida amarya kace mata ina nan tafe da sandata.

Naka,
Abokinka na Zariya