Matar Columbo ba ƙage ba ce

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in raba gardama da ƙanena. Tun da muka koma kallon Columbo, shirin ɗan sandan bincike na Amurka da Peter Falk ya fito a ciki, ya kafe cewa matar da jami'in ke yawan ambata babu ita, dabara ce kawai don mai laifi ya saki jiki. Gaskiya ne ba a taɓa nuna fuskarta ba. To kashin 1975 fa, na cikin jirgin ruwa, inda ma'aikatan jirgin suka ce sun gan ta? Su ma ƙarya suke? Ni dai na ce tana nan, ta gaji ne da yi masa magana kan yamutsattsiyar kwat ɗin nan.

Mai karatunku daga Zariya.