Babana, rage ƙiba ba zaman yunwa bane

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya Abuja. Mu nan gida kowa lafiya lau alhamdulillahi, Abbanku yana gaisheka. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda in a waya ne nasan halinka, to Umma to Umma kawai zakayi ta cewa, ana ajiye waya kuma shikenan maganar ta bi iska, wannan kuwa inaso ka ajiyeta ka dinga dubawa.

Auta ta dawo daga wajenka ta bani labarin da bai min daɗi ba. Tace ta buɗe firij ɗinka babu komai sai kabeji da kokwamba da ruwan roba, sai wani shayin rage ƙiba a kan tebur, wai tun da likita yace jininka ya fara hawa ka rage nauyi ka daina cin abincin kirki, ka yini da dafaffen kabeji ko gishiri babu, amma wajen sha ɗayan dare sai ka fita wajen mai shayi a soya maka Indomie biyu da ƙwai a haɗo da biredi. Da farko dai naji daɗi da ka ɗauki maganar likita da muhimmanci, Allah ya maka albarka, da yawa sai sun faɗi suke yarda. Amma hanyar da ka ɗauko ba mai ɓullewa bace, kuma fitar da kakeyi da dare ba rashin zuciya bane, duk wanda ya yini a kan abinci lami dole cikinsa ya rama da dare. Ni na ga wannan da idona lokacin da aka gano hawan jinin Abbanku, wata guda ina masa miya salam ba mai ba gishiri ina ganin gata nake masa, yayi loma biyu ya ture kwano, mutum ya rame ya zama shiru shiru kuma ba lafiyar aka samu ba. Sai da na zauna na sake koyon girki, na gane abincin da mutum baya jin daɗinsa bazai daɗe a kansa ba, kai kuma ba abin sati biyu kake nema ba, abin da zaka rayu a kai kake nema.

Shayin nan dan Allah ka zubar dashi. Da yawansu filasko ne a ciki, filaskon nan dai da ka sani na wankin ciki, ya saka zawo ka hau sikeli kaga ka ragu kayi murna alhali ruwan jikinka ne ya fita, kitsen yana nan inda yake. Ragewa ta gaskiya rabin kilo ne zuwa kilo 1 a sati, kuma ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka ka sauke, wato mai kilo 100 ya sauke 5 zuwa 10, jini da suga suna nuna bambanci. Sannu sannu bata hana zuwa.

Yanzu maganar mai, dan nan ne matsalar girkinmu take. Mun taso muna ganin in mai bai taso a saman miya yana ƙyalli ba to miyar bata yi ba. Babban cokali 1 na mai, man gyaɗa ne ko manja ko man shanu ko ma man zaitun ɗin da ake ta yabo, kusan kalori 120 ne (kalori shine ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), dan giram 1 na mai kalori 9 ne, shinkafa da tsokar nama kuwa abin da ke bada ƙarfi a cikinsu kalori 4 ne a giram. Ka lissafa in ka tuttula daga galan yadda naga kunayi, cokali shida bakwai ya tafi tukunya baka sani ba. Ban ce ka daina ba, abinci ba mai sam baya shiga, nace ka dinga aunawa da cokali, tukunyar da zakaci sau biyu ko uku babban cokali 1 zuwa 2 ya isa. Abin da zai cike gurbin man shine haƙuri da kayan ƙamshi. Ka yanka albasa da yawa, fiye da yadda kake zato, ka zuba a ɗan man nan ka rage wuta ka barta tayi laushi har ta fara ja, in ta nemi kamawa ka yayyafa ruwa kaɗan, wannan zaƙin na albasa shine ƙashin bayan miya. Tattasai da tumatir da attaruhu kuma kafin ka markaɗa ka ɗorasu a busasshen kasko ko kan wutar gas bayansu ya ɗan babbake, wallahi ƙamshin da miyar zatayi sai ka ɗauka a murhun itace akayi ta, kuma tsamin tumatir ɗin da ake zuba mai da yawa a soye dan a kasheshi ya tafi da kansa. Sai daddawa. Ku 'yan zamani kuna gudunta saboda wari, amma kakarka bata san dunƙulen Maggi ba sai da ta girma kuma har yau ana labarin miyar kukarta, daddawar kalwa ce da bandar kifi da citta da masoro da kimba da kanumfari. Ka dakasu tare ka zuba a kwalba, ƙaramin cokali a kowace tukunya, tafarnuwa kuma ɗanya ka daka lokacin da zakayi girkin.

Sirrin da na fi so ka riƙe shine tsami a ƙarshe. In ka sauke abinci ka ɗanɗana kaji kamar da saura, kafin hannunka ya kai ga gishiri ka matsa lemon tsami, ko ka saka yakuwa a miyar tun tana wuta, ko ɗan ruwan tsamiya, sau da yawa abin da ya rasa kenan. Wannan ya shafeka sosai saboda jininka, hukumar lafiya ta duniya tace kada gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya kenan, kuma ba wanda ka barbaɗa kaɗai ake lissafawa ba, dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, garin da ke cikin ledar Indomie haka, kanwa ma dangin gishirin ce wajen jini. In da kana saka dunƙule huɗu ka koma biyu, bayan sati biyu ka koma ɗaya, harshe yana sabawa.

Nasan kana dawowa a gajiye, dan haka bazan lissafo maka abin da zai cinye maka awa biyu a kicin ba. Ran Lahadi ka jiƙa wake ka dafa da yawa, ka rabashi a ƙananan robobi ka saka firiza, haka markaɗen kayan miya ka dafashi ruwan ya tsotse ka raba. In kayi wannan rabin aikin sati ya ƙare. Ranar da ka dawo sai ka ɗauko roba ɗaya ta wake, albasa a cokalin manja, markaɗe, garin daddawar nan, ka ɓare bandar kifi ka zuba, wake ya shiga, in ya haɗe ka yanka alayyahu dami guda ka zuba a kai ka rufe minti 2 ka kashe wuta, kada ka bari ganyen ya mutu ya zama baƙi. Faten wake kenan cikin minti 15, kuma wake yana riƙe ciki, bazaka nemi mai shayi ba. Da wannan markaɗen zaka iya ƙwai biyu da alayyahu ko kabejin nan naka da safe, ka gani kabejin bashi da laifi, dafashi a ruwa zalla ne laifin, in ka soyashi sama sama da albasa da tafarnuwa da attaruhu yana ƙaras ƙaras wani abu ne daban.

Kwaɗon zogale kuwa kai da kanka ka sani tun kana yaro kake sonshi. Ka dafa zogalen ka tsane, dakakken ƙuli daidai misali kada ya rinjayi ganyen dan shima gyaɗa ne, tumatir, albasa, attaruhu, ɗan gishiri, lemon tsami, mai ƙaramin cokali ɗaya ko ma ka barshi. Rama ma haka, lansir ma haka. Ka haɗa da dafaffen ƙwai ko gasasshen kifi ya zama abincin dare cikakke. Kifin ma ba wuya, karfasa ko tarwaɗa ka tsatsage jikinsa ka shafa citta da tafarnuwa da yaji da lemon tsami ka barshi ya ɗan jima, ka gasa a kasko ka rufe. Ranar da ake sanyi kayi farfesun kaza ka cire fatar, romon nan mai zafi da kayan ƙamshi yana cika ciki. Ɗanyar kuɓewa ma miya ce da bata buƙatar mai kusan sam, minti 10 ta dahu.

Acha zan aiko maka, ta Filato mai kyau, tana dahuwa da wuri, ka regeta sosai saboda yashi kayi fate da ganye da yawa. Amma kada wani ya ruɗeka cewa acha ko alkama magani ne da zakaci iya cinka, hatsi ne suma, yawan shine magana. Tuwo da shinkafa ban hanaka ba, Bahaushe bazai rabu da tuwo ba kuma babu dalilin rabuwa. Malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunka, miya mai ganye da yawa, mu da muka saba tuwo tuli miya kaɗan sai a juya abin. In shinkafa ce rabin faranti ganye ko kabeji da karas, kwata kifi ko nama ko wake, kwata shinkafar. Ka zuba a faranti ka zauna, kada kaci daga tukunya ko kana latsa waya, ka ci a hankali dan ƙoshi yana ɗaukar kusan minti 20 kafin mutum ya jishi. Kuma ai ba baƙon abu bane a wajenmu, Manzon Allah (SAW) yace kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, kun karanta a islamiyya.

Abin sha kuma Babana nan ne nake jin tsoronka, dan nasanka da lemo mai sanyi. Kwalba ɗaya ƙarama akwai suga wajen ƙaramin cokali 9 a ciki, iyakar da aka ɗora wa babba a yini kuwa kusan 12 ne, giram 50, an fi so ma a tsaya a rabin haka. Maltina da ire irenta da ake kaiwa mara lafiya suma suga ne fal, haka shayin mai shayi da ake kwarara madara da suga. Kuma abin sha baya ƙosarwa, ka sha ka nemi abinci a kai. Ka dafa zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba ka saka a firij, suga kaɗan ko babu, satin farko zakaji tsami daga baya ka saba. Kindirmo marar suga ka yanka gwanda ko ayaba a ciki. In kwaɗayin zaƙi ya taso dabino biyu ko uku ko kankana ko gwaiba. Fura ka ɗauketa a matsayin abinci, in ka sha ta da rana ta zama abincin ranar, ba a ci tuwo a kora da ita ba.

In abokai sun jaka wajen mai nama ka tafi abinka, ka zaɓi balangu marar kitse kace kada ya zuba mai a kai, ya cika maka albasa da tumatir da kabeji, yajin kaɗan dan akwai gishiri da dunƙule a ciki. Ƙosai da awara asalinsu lafiya lau ne wake ne da waken suya, man suyar ne matsalar, in kana son wake haka ka nemi alale. Gyaɗa kuma tafin hannu ɗaya ka rufe kwalbar ka ajiye nesa. Ranar biki ko ranar da ka zarce kada kace shikenan na ɓata, gobe ka ci gaba daga inda ka tsaya, kuma kada ka rama da yinin yunwa.

Ka dinga takawa, minti 30 sau biyar a sati, ko masallacin da ya ɗan fi nisa ka zaɓa ka dinga zuwa la'asar ko isha'i da ƙafa. In likita ya ɗoraka a kan magani kada ka ajiye dan kaga ka fara raguwa, shi zai faɗa maka lokacin, ka kuma gaya masa kana shan zoɓo tunda shima yana ɗan sauke jini.

Ran Asabar in Allah ya kaimu zan bada saƙo a mota, akwai acha da busasshen zogale da kuka da kuɓewa da daddawa da ƙuli, garin kayan ƙamshin ma na daka maka da hannuna dan nasan baka da turmi, na rubuta a jikin kowace leda. Zan kiraka da lambar direban. Ka fara da faten waken nan ka ɗauki hoto ka turo min in gani, in wani abu ya shige maka ka kirani kana gaban tukunyar ko da dare ne.

Allah ya baka lafiya mai ɗorewa ya maka albarka. Auta tace a gaisheka.

Ummanka