Charcuterie ba kilishi ba ce

Ranka ya daɗe Edita,

A shafinku na abinci na makon jiya an fassara kalmar charcuterie da "kilishin Turawa". Fassarar ta yi daɗin ji, amma akwai gyara, musamman ga masu karatu a Nijar da ke ganin kalmar a manyan kantunan Yamai.

Kalmar ta Faransanci ce, ana furta ta "sharkutri". Ta fito daga kalmomi biyu: chair, wato tsokar nama, da cuite, wato dafaffe. A 1475 masu wannan sana'a a birnin Paris suka samu ƙungiyarsu daban da ta mahauta, aikinsu kuwa sarrafa naman alade. Har yau a Faransa, idan an faɗi kalmar ba tare da ƙarin bayani ba, alade ake nufi: cinyar da aka jiƙa da gishiri, da niƙaƙƙen naman da aka ɗura a hanji, har da boudin noir, wanda da jini ake yin sa.

Aikin ma ba ɗaya ba ne. Mai kilishi yana fere nama ya yi falan-falan, ya shanya a rana, ya tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji, ya sake shanyawa, sannan ya gasa. Rana da wuta ne suke kare naman. Shi kuwa saucisson sec ɗin Faransa, wato niƙaƙƙen naman da aka ɗura a hanji aka busar, ba ya ganin wuta ko kaɗan, duk da "dafaffe" da ke cikin sunan sana'ar. Ana zuba gishiri kamar giram 25 zuwa 30 a kowane kilo, tare da ɗan sinadarin naitiret da ke hana ƙwayar cutar da ke sa gubar botulism. Sai a rataye shi makonni a ɗaki mai sanyi, kimanin digiri 12 zuwa 15, mai danshi kamar kashi 75 cikin 100, har ya rasa wajen sulusin nauyinsa. A nan ake yawan yin asara: in iska ta cika bushewa, fatar waje ta yi tauri kamar ƙirgi, ruwan ciki ya rasa hanyar fita, sai ya ruɓe daga tsakiya alhali waje na kyau. Hunturun da mai kilishi ke murna da shi, shi ne zai kashe wa mai saucisson jari.

Akwai charcuterie na halal, da naman sa ko talotalo. Amma mai saye ya juya bayan ledar ya karanta, domin nama na iya zama na sa, hanjin da aka ɗura shi ciki kuma na alade. In ya ga porc, wato alade, ko boyau de porc, wato hanjin alade, ko vin, wato giya, sai ya mayar.

Shawarata, a bar kalmar yadda take, a biyo ta da bayani: kayan naman da aka adana da gishiri, galibi na alade.

Huta lafiya.

Mai karatunku,
daga Maraɗi